A Auna Allon Baya Kafin A Ɗaura Wa Kwalekwale Inji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masunta da masu fito a dam ɗin Sabke da Daberam, har da 'yan'uwanmu na Zobe da Jibiya, kan inda ake ɗaura injin kwalekwale. Inji da yawa ba tsufa ke kashe su ba, mugun ɗauri ne.

Tun kafin a biya kuɗin inji, a auna allon bayan jirgin daga sama zuwa gindi. Allo mai inci 15 na inji mai gajeriyar ƙafa ne, mai inci 20 kuma na mai doguwar ƙafa. A saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe, shi ne ma'auni: ya zo daidai da gindin jirgi, ko ya sauka ƙasa da abin da bai wuce inci 1 ba. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, inji na ta ihu jirgi ba ya tafiya. Abin da ya fi wannan muni, kafofin da ke jan ruwan sanyaya inji za su riƙa fita daga ruwa, nan da nan robar famfo ta ƙone. Shi ya sa da an tayar, a fara duba ko injin yana fitsari, wato yana tsarto da siririn ruwan da ke nuna famfon na aiki. In babu, a kashe shi nan take. In kuma faffaɗan ƙarfen nan ya nutse da yawa, mai ne zai ƙare a banza, ga kututture da yashi na jiran farfela da rani idan ruwa ya ja baya.

A ɗaura shi a tsakiyar allo daidai. Kwalekwale mai tsini gaba da baya sai dai a kafa masa katako a gefe, kusa da ƙarshe, amma a tuna injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 ya haura kilo 35. A mayar da tankin mai da komar kamun kifi ɗaya gefen, can gaba kaɗan, kada jirgi ya karkace.

Allon kansa ya zama katako mai kauri da bai ruɓe ba, a sa masa faranti na ƙarfe inda maɗaurai ke cizo, domin jijjiga tana sassauta su. A sake matse su duk safiya. Don Allah kada a rena igiya ko sarƙar da za ta haɗa injin da jikin jirgi, domin inji in ya suɓuce a tsakiyar dam, da wuya a sake ganinsa.

Naku,
Makanikin injin ruwa, Daura