Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Kada Allurar Ƙanena Ta Sake Yankewa

Mai girma Ministan Lafiya na Ghana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, daga Aboabo a Kumasi nake rubuto maka. Ni malamar makaranta ce, kuma yayar wani tela da ya daɗe yana fama da taɓin hankali. Ba zan kama sunansa ba, don a Zango da zarar an ce wane ya taɓu, har ƙannensa mata sai an sha wuya kafin a aurar da su.

Yana ɗan shekara 23 abin ya fara masa. Barci ya ƙaurace masa, ya riƙa cewa ana kiran sunansa ta cikin keken ɗinki, ya daina cin tuwon gidanmu wai an zuba masa sammu. Muka yi abin da kowane gida zai yi a Zango: ruƙiyya, rubutun sha, hayaƙi, sadakar masa ranar Juma'a. Mun kusa shekara biyu muna wannan kewaye, sai wata nas maƙwabciyarmu ta ja mahaifiyarmu gefe ta ce, "Mma, ku haɗa da asibiti, addu'a ba ta hana shan magani." A can aka ce ciwon sikizofireniya ne, aka ɗora shi a kan ƙwayar halofaridol. Cikin 'yan makonni muryoyin suka lafa. Daren da ya fara yin barci har aka kira assalatu bai motsa ba, Mma ta zauna a bakin ƙofarsa tana share hawaye da gefen mayafi. Saboda haka duk mai cewa maganin asibiti ba ya yi wa mai taɓin hankali komai, ya zo gidanmu a ba shi labari.

Sai dai ba wanda ya gaya mana abin da ke tafe. Bayan wata guda hannunsa ya kama rawa. Wata safiya na tsaya a bakin shagonsa ina kallo, zare a dama, allura a hagu, ya lashi bakin zaren ya kai, ya kuskure, ya sake kaiwa, har sau bakwai ina ƙirgawa. Mutumin da a da yake zura zare yana hira bai ko duba ba. Tafiyarsa ta sandare, yawu na zubo masa, wani maraice kuma idanunsa suka ƙafe sama, wuyansa ya karkace. Nan take tsakar gida ta cika, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, aka tsaya a kan cewa aljanin ne ba ya son maganin Bature. Shi kuwa ya tattara ƙwayoyin ya watsa a kwata.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Magungunan nan suna rage aikin wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, shi ya sa muryoyi da zarge-zarge ke lafawa. To amma sinadarin nan ɗaya shi ne kuma ke daidaita motsin jiki, idan aka danne shi da yawa sai rawar hannu da sandarewa su biyo. Kuma abin yana da gyara: likita ya rage yawan maganin, ko ya haɗa da Artane mai rage rawar jiki da sandarewa, ko ya sauya zuwa risfaridon ko olanzafin, waɗanda su ma suna da nasu halin, musamman olanzafin mai sa ƙiba da kan buɗe ƙofa ga ciwon sukari. Bayanin nan bai fi na minti uku ba. Da an yi wa Mma shi da Hausa tun ranar farko, da ƙwayoyin ba su kwana a kwata ba. Amma takardar cikin kwali da Turanci take, nas ɗin kuma, da layi har waje, ta yi nata da Asantanci cikin gaggawa, tsohuwa ta gyaɗa kai don kunya ta taho.

Da muka koma aka mayar da shi kan allurar Modecate, sau ɗaya a wata, tunda ƙwayar kullum ta zama abin faɗa tsakaninsa da mu. Wannan allura ita ta maido mana da shi. Ya buɗe shago, ya ɗauki yara biyu masu koyo, ya yi ɗinkin Sallah har yana kwana a kan keke. Muna cikin hamdala sai wani wata muka je asibitin da muke zuwa, wanda ba zan ambata ba, aka ce babu, ta ƙare, aka rubuta mana takarda mu nemo a waje. Na taka daga kemis zuwa kemis, Adum har Kejetia, inda na samu kuma kuɗin ya fi ƙarfin abin da ke jakata a ranar. Wata na biyu ma haka. A na uku aka tsinto shi ba takalmi a bakin titi yana faɗa da mutanen da ba mai ganinsu sai shi, kawunmu kuma ya fara maganar a kai shi inda za a sa masa mari. Ya warware daga baya, amma wannan karon ya fi daɗewa, yaran shagon sun watse, masu kawo ɗinki sun koma wani wuri.

Ranka ya daɗe, wannan yankewar ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Maganin taɓin hankali ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha kwana uku a ajiye. Ya fi kama da na hawan jini, riƙe ciwon yake yi, ranar da aka sake shi ciwon ya sami hanya.

Ban zo da butulci ba. Na san da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta tanadi asusu, ta kuma ce jinyar taɓin hankali kyauta ce. Na san a 2023 Majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, a Nuwamba 2024 kuma inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da ciwuka huɗu: ciwon damuwa, ciwon fargaba, ciwon nan mai kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa da ake kira baifola, da sikizofireniya. Allah ya saka. Amma kalmar kyauta a takarda take, mu kuma abin da muke dubawa shi ne kantar ɗakin magani. Ina asusun nan yake, nawa ke shiga cikinsa, nawa ke tafiya sayen magani? A riƙa faɗa mana a fili.

Kuma ba wani sabon abu mai tsada muke roƙo ba. Largactil tun 1952 aka fara ba masu taɓin hankali shi a Faris. Litiyam tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya nuna amfaninsa ga masu irin ciwon baifola. Halofaridol na 1958 ne, daga Beljiyam. Duk sun girme ni, kamfanoni da yawa na yin su da araha. Abin takaici, yaron da ke neman tiramol a lungunan Zango ba ya yin tafiyar minti goma bai samu ba, ni kuwa na yini ina neman allurar da likita ya rubuta.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar nan, na Accra da aka buɗe a 1906, da Ankaful da Pantang, duk suna can kudu wajen gaɓar teku. Mu na Kumasi da 'yan'uwanmu na arewa mun dogara ne da ɓangarorin da ke cikin sauran asibitoci da nas-nas na unguwa. To a wadata su. A sa magungunan nan cikin waɗanda ba a yarda su ƙare ba, yadda ake tsare allurar rigakafin yara, a kuma ba nas damar kiran gida idan mai allura bai zo ba a ranarsa.

Sai maganar harshe. A samar da mai bayani da Hausa a asibitocin da ke kusa da zangunan Kumasi da Accra, a kuma yi amfani da gidajen rediyo. Akwai abubuwan da mutanenmu ba su sani ba, kuma rashin sanin na cutar da su. Maganin damuwa irin su amitiriftilin da fuluwoksetin yakan ɗauki makonni kafin a ji daɗinsa, mutum ya sha kwana biyar ya ce ba ya yi, ya ajiye. Mai shan litiyam idan ya ɗauki azumi cikin zafi, ruwan jikinsa ya ragu, maganin na iya taruwa a jini ya zama guba, ga shi yana bukatar gwajin jini a kai a kai. Duk Ramadan sai ka ji wani ya daina shan ƙwayarsa ko ya haɗe ta safe da ta dare a sahur, bai tambayi likita ba, alhali Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame, malamai da dama kuma sun ce allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi. Matar da ke shan balfurowet, wani maganin baifola da farfaɗiya, ya kamata ta san yana iya nakasa ɗan cikinta. Ko jinyar nan ta lantarki da ake tsoro, wadda aka fara a Rum a 1938, yau da maganin sa barci ake yin ta, tana kuma ceton wanda damuwa ta hana ci da sha, duk da takan taɓa tunawa na ɗan lokaci. Duk inda za a yi ta a Ghana, a tabbata da maganin barcin ne, kuma da yardar mai ita.

Malamanmu kuma kada a ɗauke su abokan gaba. Wurinsu muke fara zuwa, kuma ba za mu daina ba. A nan Kumasi da Ibadan aka yi binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020, inda aka haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan lafiya suna duba marar lafiya tare, aka ga waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Tunda a garinmu aka gwada, me ya hana a ɗore? Malamin da ke yi wa ƙanena ruƙiyya yanzu shi ne ke tambayarsa, "Malam tela, an yi allurar watan nan kuwa?" Maganarsa ɗaya ta fi tawa goma shiga kunnensa.

Ranar allurarsa ta gaba Talata ce. Zan nemi izini a makaranta, mu hau faragiya, keken nan mai ƙafa uku, tun da sassafe, katin inshora a jaka. Na kuma ƙulle 'yan kuɗi a bakin zane, ko da za a sake cewa babu.

Taka mai biyayya,
Wata malama daga Aboabo, Kumasi