A turo mana ɗaliban injiniya shagunanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da malaman jami'a a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Injiniyan lantarki ne ni, haifaffen Gangare a nan Jos. Na gama digiri a 2012, bayan bautar ƙasa na yi shekara huɗu a wani kamfani ina kula da janaretocin turakun sadarwa. Da kwangila ta ƙare a 2017 aka sallame mu. Na haɗa ɗan abin da na tara na kama shago a Titin Bauchi, ina harhaɗa sola da gyaran inbata. Ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo ya tarar da ni durƙushe ina liƙa waya da dalma, ya daɗe a tsaye kafin ya ce, "Yanzu shekara biyar ɗin nan ta jami'a a nan za ta ƙare?" Ban iya ce masa komai ba. Bai rasu ba sai da ya ga fitilar da na haɗa tana haska zaurensa, yana karatun Alƙur'ani bayan isha'i babu ƙarar janareto.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aiki ya fi ƙarfin hannuna. Mai kemis yana son firjin allurai ya kwana da sanyi, tela yana son kekensa ya yi ta juyawa. Dole ta sa na fara koyar da yara, kuma yau koyarwar ta fi mini ciniki daɗi.

Bara wata ɗalibar injiniya 'yar aji huɗu a jami'a ta zo da kanta ta ce in koya mata. Lissafi a bakinta kamar ruwa. Na miƙa mata mita na ce ta auna mini batir mai bolt 12, sai na ga hannunta na rawa, ba ta san inda za ta murɗa ba. Ba laifinta ba ne, ni ma haka na fito. Bayan wata uku ita ce ta hau rufin wani gida a Rikkos, ta gano ƙurar hunturu ce ta rufe farantan sola ta rage wutar, alhali maigidan ya riga ya yanke shawarar sayen sabon batir. Da ruwa da tsumma ta cece shi daga asarar dubban ɗaruruwa.

Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata a kan ayyukan masana'antu, wadda aka kafa a 1971, hedikwatarta na nan garinmu a Titin Miango, kuma ita ta ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, wato tura ɗalibai wuraren aiki, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya kammala. Amma yaranmu da iyayensu ofis mai sanyi suke nema, inda wani zai shafe wata shida yana ɗaukar fayil, a ƙarshe a buga masa hatimi a littafi. Roƙona ga hukumar da jami'o'i shi ne a zagayo a duba ƙananan shaguna irin namu, wanda ya cancanta a sa shi cikin jerin wuraren da ake tura ɗalibai, malami ya riƙa leƙowa yana ganin abin da ake koya musu. Iyaye kuma, don Allah ku daina jin kunyar a ga ɗanku da baƙin hannu.

Ni dai ina da benci biyu da babu kowa a kai, da mita uku. Zan iya ɗaukar ɗalibai huɗu a zango mai zuwa, kuma ba na karɓar ko sisi.

Naku,
Wani injiniya mai shago,
Titin Bauchi, Jos.