Inshorar lafiya a Amurka: ku ji daga bakin wanda abin ya ci

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rigimar inshorar lafiya da ake ta yi a nan Amurka, don na lura 'yan uwa a gida gani suke asibiti a nan kamar famfo ne, ka je ka murɗa kawai.

Ni direban babbar mota ne a jihar Ohio. Inshorata ta wajen aiki take zuwa kamar ta kusan rabin mutanen ƙasar, duk wata a yanki wani abu a albashina kamfani ya cika sauran. To bara aka yi rage ma'aikata abin ya faɗa kaina, wata na ƙarewa inshora ta bi aiki, ga uwargida da ciwon suga, maganin da muke karɓa da 'yan canji sai ga shi ya koma kuɗin da ko faɗa ba na son yi. Kuma wallahi ko lokacin da muke da ita ba hutu muka samu ba, akwai wani abu wai shi didaktibul, sai ka fara zubar da dubban daloli daga aljihunka kafin kamfanin inshora ya sa hannu, sannan likita ya rubuta a yi maka hoto wani can a ofis da bai taɓa ganin fuskarka ba ya ce sai ya amince tukuna, haba dan Allah.

Shi ya sa nake bayan su Bernie Sanders, sanatan jihar Vermont, masu cewa a yi asusu guda na gwamnati ya biya wa kowa, likitoci da asibitoci su ci gaba da zaman kansu. Ba baƙon abu ba ne fa, tun 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, kuma duk tsofaffin da nake hira da su a tashar manyan motoci ban taɓa jin wanda ya ce a karɓe masa ita ba, har masu zagin gwamnati safe da yamma. Obamacare, dokar inshorar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010, ta yi rana, ta hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo, amma har yau sama da mutum miliyan 20 ba su da komai. Amurka na kashe wajen kashi 17 cikin 100 na arzikinta kan lafiya, Kanada mai irin wancan tsari na gwamnati wajen 12, kuma 'yan Kanada sun fi Amurkawa tsawon rai.

Masu adawa ba banza suke magana ba. Ita kanta Vermont ta so yi, a 2014 gwamna Peter Shumlin ya janye saboda nauyin haraji, kuma a Kanada mutum kan shafe watanni yana jiran aikin gwiwa. Amma kuɗin da ake yanka mini duk wata meye sunansa in ba haraji ba, bambancin dai kamfani ke karɓa ya cire ribarsa. Jira kuwa mu ma muna yi, a cikin gidajenmu muke yin namu, mutum na fama da ciwon ƙirji yana lissafin kuɗin ambulan.

Da na ji Najeriya ta wajabta inshora a dokar 2022 kuma kamfanonin HMO, wato kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu, na tsakiya, gabana ya ɗan faɗi, a sa musu ido sosai.

Yanzu dai alhamdulillahi na samu sabon aiki, amma sun ce inshora ba za ta fara ba sai na cika kwana 90, yau ina na 41, uwargida kuma maganin sati biyu ya rage mata.

Naku,
wani direba daga Ohio