A Riƙa Tunawa Da Masu Gishirin Ada

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da aka ɗauko tarihin fataucin Gwanja, goro ake ambata, sai jakai da zango. Ba a cika tambayar inda gishirin kasuwar Salaga da Kete Krachi yake fitowa ba. Wani daga garin Daboya na ƙasar Gwanja yake, amma mai yawa daga bakin teku ne, daga ƙauyukan Ada, inda kogin Volta ke faɗawa teku a ƙasar Ghana ta yau. Ina roƙon fili in bayyana yadda mutanen nan suka rayu, domin wasu na ɗauka wanda ke bakin teku miƙa hannu kawai yake yi ya ci.

Yamma da Ada akwai tafkin Songor, mai faɗi amma marar zurfi, wanda tudun yashi ya raba shi da teku. Ruwan teku na tsattsafowa ta cikin yashin, wani lokaci kuma igiya ta tsallako. Da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa wajen Maris, iska da rana su ƙafar da ruwan. Lita guda ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ba ya fara daskarewa sai kashi tara cikin goma na ruwan ya tafi. Jarka mai lita 20 ba ta ba da gishirin ci fiye da rabin kilo da ɗan ɗoriya. Saboda haka aikin na haƙuri ne, kuma a da ba kowa ke shiga tafkin lokacin da ya ga dama ba, sai masu kula da shi na gargajiya sun ba da izini.

Sanin lokacin kwasa shi ne gwaninta. In an yi gaggawa, ɓawon bai yi kauri ba, sai a kwaso shi da laka ya fito baƙi. In an bari ruwan ya ƙafe ƙaf, sauran ruwan ɗaci da ke biyo baya ya kama jikinsa, gishirin ya yi bauri, ya riƙa gumi a cikin buhu. Dabarar ita ce a fasa ɓawon, a tara, a ɗauraye shi a kwando cikin ruwan tafkin kansa, domin ruwan da ya riga ya ƙoshi da gishiri ba ya narkar da wani. Mata su ɗauka a ka zuwa tudu, a yi tsibi, a lulluɓe da ciyawa kamar jinka. Ƙwayar gishiri na da kaifi, tana yanka tafin ƙafa, ruwan kuma ya shiga ciwon. Shi ya sa ake naɗe ƙafa da tsumma. Ruwan sama guda na bazata kuwa ya isa ya mayar da aikin makonni ruwa.

A da, daga nan sai a loda a kwale-kwale, a yi ta tuƙi sama da kogi har Kete Krachi, inda fatakenmu suka yi yawa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Wanda ya san kantun Bilma zai ga bambanci: wannan ba a curawa, gari-gari ake aunawa.

Gishiri rabin shekara ne kawai. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan teku na yin sanyi, ƙananan kifaye su taso gaɓa da yawa. Babban kwale-kwale daga kututture guda ake sassaƙa shi, na itacen da ake kira wawa, wanda ba ya fitowa a bakin teku sai a kurmi can ciki, don haka masunci ba ya rabuwa da hulɗa da mutanen daji. Ana kai taru cikin ruwa a zagaye, a dawo da igiyoyi biyu gaɓa, maza su jeru layi biyu suna ja da waƙa na tsawon sa'o'i. In layi ɗaya ya riga ɗaya, bakin tarun ya karkace, kifi ya zurare. A yawancin garuruwan gaɓar ba a shiga teku ran Talata, ranar ɗinkin taru ce.

Da kifi ya sauka, magana ta koma hannun mata. Su ke saye, ko daga hannun mazajensu ne, su ke banda, su ke kai wa kasuwa. A zafin nan ɗanyen kifi ba ya kwana. Bandar sa'a biyu ko uku ta 'yan kwanaki ce. Wadda za ta yi watanni sai ta kusa yini a kan wuta marar harshe, kuma a riƙa mayar da ita kan hayaƙi lokaci-lokaci saboda ƙwari. Wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki na ɗanye, bayan kwana uku ya yi tsutsa. Tsohon murhun laka mai da'ira na da wahala, domin sai an sauke kifin duka kafin a juya na ƙasa ya koma sama, da yawa kuma su farfashe. Murhun Chorkor mai faifan raga da ake ɗorawa kan juna bai zo ba sai 1969, a Chorkor, wata unguwar masunta ta Accra, birnin da mutanenmu na zango ke kira Ankara.

Abin da wuta ba ta ɗauka ba, gishirin hunturun da ya wuce ke ceto. A fede karfasa, a cire kayan ciki, a cusa gishiri har cikin kai, kimanin kashi ɗaya na gishiri ga kashi uku na nauyin kifi, a bar ta kwanaki kaɗan, sannan a shanya. Ita ce koobi da ake sa wa miya har yau. An rage gishiri, ta ruɓe daga wajen ƙashi.

Madatsar Akosombo ta kan kogin Volta da aka gama a 1965 ta hana ambaliyar da ke wanke rafukan yankin kowace shekara, kuma rabon tafkin Songor ya zama abin jayayya shekaru da dama. Tsofaffin da suka ga yadda ake yi kafin nan suna ƙarewa. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili Ada a watan Janairu, lokacin da gishiri ke kwance a tafkin, ya zauna da matan da ke kwasa ya rubuto mana da Hausa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Nima, Accra.