Zuwa ga ƙawata a Kumasi, kan sunan Khadija

Assalamu alaikum ƙawata,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana ita, Ya sa albarka. Hoton da kika turo na gani, tana kwance a cikin kwalba da ɗan hannunta a dunƙule, sai da hawaye ya zubo mini.

Kin ce maigida yana son a sa mata Khadija, amma wata ta faɗa miki wai ma'anarsa bakwaini, har ranki ya sosu. Gaskiya ta faɗa. A Larabci "khadij" shi ne ɗan da aka haifa kafin watanninsa su cika. Larabawa kan yi amfani da kalmar ga taguwar da ta jefar da ɗanta kafin lokaci. Ko a hadisin da Muslim ya ruwaito, sallar da ba a karanta Fatiha a cikinta ba an kira ta "khidaj", wato tauyayya. Duk tushe ɗaya ne.

To amma ƙawata, wa yake tuna wannan idan an ambaci sunan? Nana Khadija 'yar Khuwailid ake tunawa, attajirar Makka, wadda ta fara ba da gaskiya. Ranar da Manzon Allah (SAW) ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa yana cewa a lulluɓe shi, ita ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, ta kai shi wurin ɗan'uwanta Waraƙa bin Naufal. Kusan shekara 25 suna tare bai yi mata kishiya ba. Shekarar da ta rasu, shekara 3 kafin hijira, har yau Shekarar Baƙin Ciki ake ce mata.

Mu nan kin san yadda muka mayar da shi namu: Hadiza, Hadizatu, Dije, Dija. Kubura ma daga Khadijatul Kubra ya fito. Kakata Dije ta rasu ba ta taɓa sanin sunanta na da alaƙa da bakwaini ba, ita dai ta san sunan uwar Nana Fadima take ɗauke da shi.

Ni da za ki ji tawa, ki amince. Yarinyar da ta yi gaggawar zuwa ta kuma rayu, wane suna ya fi wannan dacewa da ita? In kuma sunan surukarki ne, sai ku yi mata alkunya da Ummi.

Ki sanar da ni ranar da likita zai sallame ku, akwai turaren wuta da atamfa da na ajiye miki. Ki gaida maigida da yara.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Kano