Godiya ga masu wayarin da suka gano ciwon tsohuwar Marsandina

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce a fili zuwa ga Oga da yaransa na shagon wayarin ɗin mota da suka yi min aiki a 190E ɗina ƙirar 1989. Na ga gara in rubuta kowa ya gani, don na san masu irin wannan motar da Marsandi ƙirar W124 da yawa suna fama da ciwo ɗaya ba su san sunansa ba.

Ga abin da take yi min. Da safe in inji ya yi sanyi sai an yi ta murza makulli kafin ta kama, in ta kama kuma silo ya faɗi ƙasa tana karkarwa, sai na danne totur ko ta mutu, ga wutar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) ta ƙi ɗaukewa a dashbod. Amma da zarar ta ɗau zafi aka hau titi sai ta yi ta tafiya abinta. Inda na fara kai ta an canza filogi, an ce famfon mai ne, wani ma cewa ya yi a sauke kan injekta gaba ɗaya.

Oga, kai ba ka kwance ko noti ɗaya ba sai da ka gama jin bayanina. Da na ambaci wutar ABS tare da faɗuwar silo sai ka ce yaro ya ɗaga murfin robar da ke bayan batir. Can ga wani ɗan gwangwanin alminiyon, da fis ja mai lamba 10 a kansa cikin murfi mai haske. Wai shi ne rilen OVP, mai tsare kwamfutocin mota in wuta ta yi yawa. Ta cikinsa wuta ke bi ta je kwamfutar inji da ta ABS da bawul ɗin silo. A ciki akwai wani ɗan ƙaramin kayan lantarki mai suna diyod da in wuta ta haura volt 20 yake jawo ta ƙasa da gangan har fis ya ƙone, kwamfuta ta tsira. Kuma dalilin da ya sa mota ke ci gaba da tafiya shi ne injektar KE-Jetronic ta Bosch asalinta aikin ƙarfe ce, kwamfuta gyara mata lissafi kawai take yi, shi ya sa ake ta zargin wasu wuraren daban.

Fis ɗin nawa ya ƙone. Wallahi wani da ya sa sabo ya karɓi kuɗinsa ya sallame ni, amma kai ka ce sai ka san me ya ƙona shi. Ka ɗora mita a kan batir inji na aiki, maimakon ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4 sai ga ta tana tsalle tana wuce 15 in an taka totur. Regiletar altaneta, wato mai daidaita ƙarfin caji, ta gaji, kabon ɗinta ya cinye saura kaɗan. Ka buɗe rilen ma ka haska min dalmar da ke ƙafafunsa, ta tsage zagaye siriri kamar gashi, wai zafi da girgizar shekaru ke jawo haka, wata rana ya haɗa wata rana ya saki. Aka sake dalma, aka sa regileta, aka kankare wayar da ke haɗa batir da bodi don ta yi tsatsa.

Abu biyu da ka ja min kunne a kai zan isar wa jama'a. Kada a cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji, wannan gwajin yana sa wutar altaneta ta yi tsalle sama lokaci ɗaya, a nan ake ƙona kwamfuta. Sannan kada a ɗaure fis da waya ko a sa mai babbar lamba, in an yi haka rilen ya zama hoto kawai. Jona batir da wata mota ma a lura da kawunan kafin a maƙala.

Yaranka ma sun burge ni, ƙaramin nan da ya riƙe fitila yana tambaya kana amsa masa ba tsawa, kuma tsofaffin kayan da aka cire an miƙo min su a hannu ban roƙa ba. Yanzu murza ɗaya take kamawa ko da sanyin safiya, wutar ABS kuma tana ɗaukewa da inji ya tashi.

Allah ya saka da alheri Oga, ya ƙara buɗi, ya yi wa yaranka albarka.

Naku,
mai tsohuwar 190E