Magori sunan mai sana'a ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na karin magana na makon jiya, mai gabatarwa ya kawo "magori wasa kanka da kanka", ya ce magori shi ne mai yabon kansa. Ba ƙarya ya yi ba, amma reshe ya kama ya bar gindin. Magori sunan mai sana'a ne, wato mai tallar maganin gargajiya da ke bin kasuwanni.

Ina yaro a Darazo na sha ganinsu ran kasuwa. Mutum zai shimfiɗa buhu ya baje hajarsa: saiwoyi, sassaƙen maɗaci, ganyen sabara, garin magani ƙulle a tsumma, layu, har da ƙaho da fatar dabba. Ga na shawara, ga na basir, ga na ɗankanoma. Na farin jini kuwa sai an matso kusa ake tambayarsa, murya ƙasa-ƙasa.

Shi ba boka ba ne. Boka yana gidansa, mai buƙata ke zuwa ya same shi. Magori baƙo ne, yau nan gobe can. Sarki yana da maroƙa, mahauci yana da mai kalangu, manomi yana da mai ganga, shi kuwa babu mai wasa shi a garin da ba a san ubansa ba. Dole ya buɗe baki ya yi wa kansa kirari, in ba haka ba ya kwana da yunwa. Daga nan karin maganar ta fito.

Kalmar kanta, ni a kunnena ƙirar maƙeri, masaƙi da maɗori gare ta, an ɗora "ma" a kan "gori", kuma wanda ya taɓa jin ɗan magori yana lissafa mutanen da ya warkar zai fahimce ni.

Jikokinsa suna nan. Ku zaga wajen kasuwar Muda Lawal ku ji motoci da lasifika, wasu har suna ɗaga kwalba a ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Sai dai na da yana sakaya zance. Na yanzu, in kana tare da 'yarka, sai ka ƙara sauri.

Don Allah ku nemo tsohon magori ku sa shi a shirin. Ba za ku sha wahalar yi masa tambaya ba, shi zai cinye lokacin.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Jahun, Bauchi